Gawayin yaro da bangon amarya

Yau maganar gawayi da bango na kawo muku. Wani zai ce wannan ai ƙaramar magana ce. To, ƙaramar maganar nan ta kusa raba wata mata da karatunta, shi ya sa na ce bari in shimfiɗa ta a nan mu duba ta tare.

A garin da nake karantarwa, cikin ƙasar Maradi, akwai wata mata a ajin mata wadda ba ta fashi. Ita ke fara zuwa, ta share rumfa, ta shimfiɗa tabarmi. Sai aka yi kwana huɗu ban gan ta ba. Ran na biyar ta zo bayan an tashi, ta durƙusa daga gefe, ta ce: "Mushe, na maido allo da alli. Maigida ya ce karatun ya isa haka."

Na tambaye ta dalili. Ga abin da ta gaya mini. Tana da ɗa, shekararsa uku da ƴan watanni. Tana kuma da abokiyar zama, amarya, wadda ba ta cika shekara a gidan ba. Sallar layya ta matso. Amarya ta yi wa ɗakinta yaɓe, ta sayo farar ƙasa, ta shafe ciki da waje. Kwana biyu tana wannan aiki. Ran da bangon ya bushe ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. Yaro ya zaro gawayi daga murhu, ya bi bangon tun daga bakin ƙofa har kusurwa, iyakar inda hannunsa ya kai. Da amarya ta dawo ta sauke tulu, ta kama hannun nan ta zuba masa kara har ya kumbura. Uwar yaro ba ta ce komi ba, don uwa ba ta shiga faɗan ɗanta a gaban mutane. Amma da dare ta ƙi taɓa tuwon amarya. Magana ta kai ga maigida. Amarya ta ce turo yaron aka yi. Uwargida ta ce mugunta ce kawai. Maigida ya haska bangon da fitila, ya ga sanduna da ƙawanya irin waɗanda yake gani kan allon matarsa. Sai ya ce: "Ga tushen abin nan. Karatunki ne ya koya masa ɓarna."

Da ta gama, ta ce mini: "Mushe, kai ka yi karatu. Gaya mini gaskiya, wa ke da laifi?" Ban ba ta amsa ba a ranar. Na ce ta riƙe allonta tukuna, zan zo in gai da maigida. Na kwana ina juya tambayar, kuma abin da na samu shi ne nake rubuta muku.

Bari mu fara da amarya, don na san da yawa cikinku sun riga sun yanke mata hukunci. Wanda bai taɓa yin yaɓe ba shi ke cewa bango ai bango ne. Sai an haƙo ƙasa, an ɗebo ruwa, an kwaɓa da ƙaiƙayi, an bar ta ta kwana. Sannan a bi da tafin hannu, taki bayan taki, baya na ciwo. Farar ƙasa kuma ba a tsintar ta a kowane gari, da kuɗi ake sayo ta. Ɗakin mace shi ne mutuncinta. Nan take jera kwanoninta, nan baƙinta ke zama ranar salla, nan danginta za su duba su san ko ɗiyarsu tana cikin daɗi. Balle amarya, wadda idon kowa ke kanta. Aikin kwana biyu ya lalace kafin a je rijiya a dawo. In ba ta ji zafi ba, ai ba mutum ba ce.

Akwai wata kalma da muke saurin jefawa: "Ai yaro ne." Kalmar gaskiya ce, amma ku lura da bakin da take fitowa. Kusan kullum wanda ba guminsa ya zuba ba shi ke faɗin ta. In ɗanka ya zana bangon maƙwabci ka ce ai yaro ne, ka yafe abin da ba naka ba. Yafewa ta mai abu ce. Mutanen da ke zaman haya a Maradi ko Yamai sun san wannan sarai, don ranar tashi mai gida ba ya tambayar shekarun wanda ya ɓata fenti. Saboda haka ban yarda da masu cewa a ƙyale yaro ya zana inda ya ga dama ba. Haƙƙin amarya haƙƙi ne.

To, tun da an yi ɓarna, ashe yaro ya yi laifi ke nan? Nan ne ya kamata mu tsaya. Ɓarna daban, laifi daban, kuma kowane manomi ya san haka ko bai taɓa faɗi ba. In akuya ta shiga gonar wake, an yi ɓarna. Amma ba a kai akuya gaban maigari. Mai ita ake kira, shi ke biya, don shi ya kamata ya ɗaure ta. Ba ina cewa yaro akuya ne ba, Allah ya kiyaye. Ina nufin laifi yana bukatar sani. Sai wanda ya san abu na wani ne, ya san aikinsa zai cuce shi, ya kuma yi, shi ne mai laifi. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa ba a rubuta wa yaro zunubi sai ya balaga. In Mahaliccinsa ya yi masa jinkiri har haka, mu mi ke sa mu gaggawa?

Amma bashin ɓarna ba ya faɗuwa ƙasa. Yana hawa wuyan manya. Wa ya bar gawayi inda hannun yaro ke kaiwa? Wa ya kamata ya sa masa ido a wannan hantsi? Ga inda uwargida ta yi kuskure. Da ta tashi tun da rana ta ce: "Ƙanwata, yi haƙuri, ni zan shafe miki," da tuwo bai kwana ba. Ta tsaya kan zafin hannun ɗanta, ta manta da zafin bayan amarya.

Yanzu mu tambayi kanmu, mi yaron nan ya gani kafin ya ɗauki gawayi? Maigida ya ce allon uwarsa. Gaskiya ne, ya gani. Amma ba shi kaɗai ba. Ya ga masu allurar shan-inna sun zo, sun ɗiga masa magani a baki, sun shafa masa tawada a ɗan yatsa, sun rubuta alama da alli a ƙofar gida. Ba wanda ya daka musu tsawa, har ruwa aka ba su. Ya ga mai ƙosai tana ja wa masu bashinta layi a bango da gawayi, kowane layi dala biyar. Ya ga uwar adashe tana yin haka. Na kuma tabbata ya ga lambar waya a bangon zaure, don da na je gidan na gan ta da idona, an rubuta ta da gawayi, manya-manya, kusa da inda maigida ke zama. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mu mun san layin mai ƙosai lissafi ne, alamar masu allura aiki ce. Yaro mai shekara uku ina zai san wannan? Shi dai ya ga manya na yi wa bango baƙi, ba a ce musu komi.

Akwai kuma abin da ke faruwa cikin hannun yaron kansa, wanda aka koya mana a makarantar horon malamai, na kuma gan shi ga ɗiyana. Yaro na fara kwasar layi barkatai tun yana da shekara ɗaya da ƴan watanni, in ya samu abin da ke barin alama. Wajen shekara 2, in ka ja layi a tsaye yana iya kwaikwayonka. Wajen shekara 3 yana iya rufe ƙawanya. Wajen shekara 4 yana gicciya layi biyu, yana kuma zana mutum: kai babba, da ƙafafu biyu da suka fito daga kan. Mai kusurwa uku sai wajen shekara 5 ko fiye. Wani yaro na riga wani, kamar yadda suke wajen tafiya da magana, amma bi da bi abin ke zuwa, ba a tsallake. Har likitocin yara na duba wannan don su san ko yaro na girma daidai.

Don mi bango? Don ƙaramin yaro da kafaɗa yake zane, yatsunsa ba su ƙware ba tukuna. Yana son wuri mai faɗi, yana son ya yi a tsaye. Bango na gabansa daidai tsawonsa, ba ya motsi, ba ya yagewa. In fari ne kuwa, baƙin gawayi na fitowa ras. Kyan aikin amarya shi ya kira yaron. Da bangon ya yi dauɗa da bai kula shi ba.

Ku da kuka shigo karatun manya, ku tuna makonku na farko. Mi muka yi? Ba mu taɓa harafi ba. Mun share ƙasa, muka yi ta jan sanda a tsaye, sanda a kwance, muka yi ta zagaya ƙawanya da yatsa. Na ga ƙato wanda ke wuni da hauya ba ya gajiya, amma ya kama alli ya karya shi uku kafin ya ja layi ɗaya. Na ga dattijo yana zufa cikin sanyin hunturu don harafin o ya ƙi rufuwa. Ba rashin hankali ba ne. Mutumin nan yana lissafin dami ɗari a ka. Hannun ne bai saba ba. Ku dubi haruffan da muke rubuta Hausa da su, waɗanda masana suka zauna kansu a Bamako cikin 1966. Harafin b sanda ce da ƙawanya a dama. Harafin d sanda ce da ƙawanya a hagu. In ka lanƙwasa kan sandar ka samu ɓ da ɗ. A makarantar allo ma alif sanda ce. Abin da yaron nan ya yi a bangon amarya darasinmu na farko ne, ya yi shi ba malami, ba kuka. Kuma gawayin da ya ɓata bangon, irinsa ake niƙawa a haɗa da ƙaro a yi tawadar da almajiri ke rubutu da ita.

Kada ku ɗauka mai wannan rubutu ya fi amarya haƙuri. Shekarun baya ɗiyata, tana da shekara biyu da rabi, ta samu bik ɗina da babban littafin da nake rubuta sunayen ɗalibai da kwanakin zuwansu. Ana jibi mai duba aikinmu zai zo. Ta cika shafi huɗu. Na mare ta a hannu, mari mai zafi, ni da na san duk abin da na gaya muku yanzu. Bayan kwana kaɗan na miƙa mata alli da kaina, sai ta ɓoye hannu a baya tana kallon fuskata. Ta fi wata ba ta karɓa ba. Littafin kuwa dare ɗaya na sake kwafe shi. Ni na bar shi kan tabarma, ita ta sha mari. Har yau in na tuna ina jin kunya.

Mutanen ƙasar nan sun daɗe suna zane a kan abin da ke tsaye. A Dabus, cikin ƙasar Ayar, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse. Babban ya fi mita 5. Masana sun ƙiyasta sun fi shekara 6000, tun lokacin da wurin ke da ruwa da ciyawa. Irin raƙuman nan ne suka rage a wajen Kure, kusa da Yamai, har aka kwashi wasu aka kai Gadabeji cikin 2018. Buzaye na da haruffansu, tifinar, ana ganin su a jikin duwatsu, kuma a kan rairayi yara ke koyon su. Wanda ya je Damagaram ya shiga unguwar Birni ya ga fuskokin gidaje da magina suka yi wa zane tun ƙasa na ɗanya, da dagi, da ƙawanya cikin ƙawanya, wasu har da launi. Baƙi na zuwa daga nesa don su gani. Ba wanda ya ce an ɓata bangon.

To, mi ya raba maginin Birni da ɗan uwargida? Za ku ce gwaninta. Ni na ce akwai abin da ya fi gwaninta, shi ne izini. Magini kiran sa aka yi. Mai gida ya nuna masa bango ya ce ga shi. Da maginin nan zai shiga gidan wani da dare ya yi zanen da ya fi kowane kyau, da safe ƙara za a kai shi. Haka manomin da ya tsallake gamba ya shuka a gonar maƙwabci. Ba a ce masa shuka laifi ce. Ana nuna masa iyaka. Abin da ya kamata yaro ya koya ke nan: wannan wuri naka ne, wancan na wani ne. Darasi ne babba, don shi ne tushen zama da mutane. Wanda ya san bangon amarya ba nasa ba ne, gobe zai san kuɗin ƙungiya ba nasa ba ne. Amma in muka ce masa "kada ka ƙara zane", mun haɗa shuka da tsallake iyaka mun hana duka.

Na kawo maganar nan a ajin maza, ban faɗi gidan ba. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce: "Malam, ku yaran zamani kuna da daɗin baki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da bulala muka tashi, ga mu mun zama mutane." Na ce: "Baba, gaskiyarka, kun zama mutane. Amma icce ɗanye da hannu ake tanƙwara shi, a hankali, a ɗaure shi a bar shi ya saba. In aka sa masa gatari ai ba tanƙwara ba ce." Aka yi dariya. Bai yarda ba. Ya ce magana ba ta shiga kunnen ɗan shekara uku, duka ke shiga.

A nan dattijon yana da rabin gaskiya, ba zan ɓoye ba. Duka na tsayar da abu nan take, magana ba ta yi. In ka gaya wa ƙaramin yaro yau, gobe ya manta, jibi ma haka. Sai ka faɗa sau goma, sau ashirin. Uwar da ke daka, ga goyo, ga rijiya, ga itace, ina ta ga lokacin sau ashirin? Kara ya fi sauri. Na san wannan, ba daga littafi nake magana ba. Amma mu duba abin da dukan ke koyarwa. Yaron da aka buga bai fahimci bango na wani ne ba, don ba a nuna masa ba. Abu biyu yake iya ɗauka. Ko ya ce a ransa: kada a gan ni. Sai ya koma bayan ɗaki, ya fara koyon ɓoyo. Ko ya ce: abin nan da ke hannuna shi ne mugu. Sai ya yar, kamar yadda ɗiyata ta yi. Bayan shekara uku ko huɗu mu kama hannun nan mu kai shi lakwal ko makarantar allo, mu ce ya rubuta, in ya noƙe a sake bugun sa. Hannu ɗaya, an buge shi don ya yi zane, an buge shi don ya ƙi. Na tambayi dattijon ko ya taɓa zane a ƙasa yana yaro. Ya yi shiru, can ya ce: "Kiwo aka tura ni." Shi ne mai zufar harafin o da na gaya muku.

In ba duka ba, sai mi? Abu na farko aikin manya ne. Gawayi, tawada, bik, lalle da shuni a ɗaga su sama. Takardun gona, katin asibiti da kayen lissafi a sa su cikin akwati. Allon malam da duk takarda mai sunan Allah, kiyaye su na kan babba, ba kan yaro ba. A kula ƙwarai da tsohon pil na rediyo ko na fitila. Yara na fasa shi don su ciro baƙin sandan da ke ciki su yi zane, garin nan kuwa guba ne, hannun yaro kuma ba ya nisa da bakinsa.

Na biyu, a ba shi wurinsa. Hana yaro ba tare da an ba shi madadi ba kamar tare ruwa ne ba a yi masa hanya ba. Ba sai an sayi komi ba. A share masa ƙasa a inuwa, a ba shi tsinke. A ba shi sakaina, ko guntun katako, ko tsohon ƙyaure. Tun da a tsaye yake so, a yanka masa wani gefe na katanga ko bayan ruhewa, a ce: "Nan naka ne." In ya zana a can, a tsaya a duba, a tambaye shi mi ne ne wannan. In ya koma bangon da aka hana, a kama hannunsa ba da zafi ba, a ce: "A'a, wannan na Inna ne," a kai shi nasa. Gajeriyar magana, iri ɗaya kullum, kuma bakin mutanen gida ya zama ɗaya. In uwa ta hana kaka ta yi dariya, aikin banza ake yi.

Na uku, in ya ɓata ya taya gyara. Ba don horo ba, don ya ga da idonsa cewa gyara na cin lokaci. Gawayi a bangon ƙasa kada a fara sa masa ruwa, yana shiga ciki ya bazu. A kakkaɓe shi da busasshiyar tsintsiya mai laushi, sannan a bi da farar ƙasa. A ba yaro ɗan tsumma da ƴar ƙwarya ya shafa nasa gefe, ko da aikin nasa sai an sake.

Ran Juma'a bayan la'asar na je gidan. Na iske maigida a zaure. Muka gaisa, muka taɓa maganar damina da tsadar taki. Sannan na ce: "Maigida, na zo roƙo ne, ban zo shari'a ba." Ya ce in faɗi. Na nuna lambar da ke bango na ce: "Wannan ta wa ce?" Ya ce ta ƙanensa ce da ke Legas, wani ɗan lakwal ya rubuta masa. Na ce: "In ruwa ya wanke ta fa?" Ya ce sai ya sake neman yaron. Na ce: "Nan da wata biyu uwargida za ta iya rubuta maka ita a takarda, ta karanta maka in ka bukata. In ta bar karatu yanzu, bangon amarya ba zai yi fari don haka ba." Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce shi fitina ce ba ya so a gidansa. Na ce a bar mini wannan.

Aka kira uwargida. Na gaya mata a gabansa cewa gyaran bango na kanta, da kuɗinta, kuma ita za ta fara ba da haƙuri. Ba ta ji daɗi ba, ta ɗauka zan goyi bayanta duka. Ta ce: "Hannun yaron fa, Mushe?" Maigida ya ce wannan shi zai yi wa amarya magana da kansa. Ko ya yi, ko bai yi ba, ban tambaya ba.

Ta sayar da kaza ta sayo farar ƙasa. Ita da yaron suka shafe bangon, shi ya fi shafa wa kansa. Aka ba shi bayan ruhewa. Ranar Litinin ta dawo aji, ta share rumfa kamar da. Bayan mako ɗaya yaron ya zana ƙyauren zaure, aka kama hannunsa aka mai da shi bayan ruhewa. Bayan kwana uku ya sake.

Da na koma gidan kwanan baya, ya ja ni da riga ya kai ni wurinsa. Ya nuna mini wata babbar ƙawanya da sanduna biyu a ƙarƙashinta, ya ce: "Baba ne." Maigida ya leƙo, ya ce: "Ni ne ba ciki, ƙafafu a wuya?" Ya yi dariya har da tari. Amarya tana bakin ɗakinta tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Na ga ta jingina tsohuwar tabarma a jikin bangon, daga ƙasa zuwa daidai tsawon yaron, ta danne ta da turmi.